Kada A Rubuta Sunan Pelenato A Jikin Lasifika

Ranku ya daɗe matai, masu sarautar garin nan, manya da ƙanana, da kai mai girma Seumalo da kake shugabantar majalisarsu. Fasto Ioelu da maiɗakinka, ina gaishe ku da girmamawa. Dattawan coci, 'yan uwanmu da suka sauko daga Auckland, samarin gari da tun safe kuke fama da hayaƙi da duwatsun gashi, mata 'yan ƙungiyata, sannunku duka. Sieni, 'yar uwata, matar marigayi, ke da 'yarki Penina na bari a ƙarshe, don ku ne masu rashin, mu 'yan rakiya ne.

Ni ce Matalena, shugabar ƙungiyar mata. An zaɓe ni in yi magana yau da muka yaye farin ƙyalle daga dutsen kabarin Pelenato, shekara guda da rasuwarsa. Na san dalilin zaɓen. An ce tsohuwa ce, za ta yi kuka, ta yi godiya, ta zauna. To, kukan na gama shi a gida. Da fushi na zo, kuma ba zan ɓoye shi a ƙarƙashin farar hular cocin nan tawa ba.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Majalisa ta yanke za ta kafa lasifika ta biyu a bakin teku, a rubuta sunan Pelenato a jikinta, wai don tunawa da shi. An je wa Sieni da tabarma mai daraja ana neman yardarta, an ce ta ba da amsa yau bayan an ci abinci. Kun san sarai matar da mijinta bai riƙe sarauta ba, ba ta iya kallon idon matai ta ce a'a. Haba jama'a! Ku saurara ku ji wane ne mutumin nan, in kun manta.

Ya kasance mai buga mana Sa, lokacin addu'ar yamma. Kullum da faɗuwar rana yakan tsaya a gindin bishiyar ulu ta bakin coci, inda tsohuwar tukunyar gas take rataye, da sandar ƙarfe a hannunsa. Bugun farko, kowa ya nufi gida. Bugu na biyu, gari ya zauna: waƙa ɗaya, addu'a, sai shiru. Ba mai tafiya, ba mai sara, ba mai kiran yaro, sai ya buga na ƙarshe. Mu da gidajenmu ba bango, wanda ke ƙarshen gari ya san abin da ka dafa da wanda ka zaga, ina muke da wani wurin da mutum zai keɓe da ransa in ba wannan ɗan tsakanin ba?

Ya kasance ba ya duba agogo, mutane yake dubawa. Daga gindin bishiyar nan yana hango mu duka a zaune tsakanin ginshiƙai. In ya ga kafaɗar wani ba ta sauka ba, sai ya jinkirta. Shekarar da mijina ya kwanta ciwo, Sa ta riƙa yin tsawo har mutane suka fara gunaguni. Wani ya ce masa, "Kai Pelenato, agogonka ya mutu ne?" Ya ce, "Agogo lafiyarsa lau. Matalena ce ba ta gama ba." Ban san da wannan ba sai bayan na binne mijina.

Ya kasance mai barkwanci ba tare da ya ɗaga murya ba. Tulaga direban bas, ga ka can kana sunkuyar da kai, ka tuna ranar da Sa ta tsare ka a bakin gari? Da aka tashi ka zo kana kumfar baki: "Pelenato, ka kusa ruɓar mini da kifin mutane!" Ya ce maka, "Kifi ya riga ya mutu, ɗan'uwa. Kai ne kake da sauran rai, shi ya sa na zaunar da kai." Tun daga ranar kake kashe injin da kanka.

Ya kasance uban Uelese, wanda teku ta ɗauke a wajen kamun kifi ba ta mayar mana da shi ba. Kowannenmu yana da kabarin nasa a ƙofar gida, ya share, ya zauna a kai ya yi hira. Sieni ba ta da inda za ta share. Wata rana muna saƙa ta ce mini, "Matalena, duk yini hannuna yana cikin hidimar mutane, wannan ya kira, wancan ya aika. Sai a shirun nan nake samun ɗana. Ina jin yadda yake jan kwalekwale a kan yashi." Mijinta ya sani. Bai taɓa buga na ƙarshe ba sai ya ga ta share fuska.

Sai lasifika ta zo. 'Yan uwanmu na Auckland, ba ku da laifi, kyauta kuka aiko da zuciya ɗaya don taron coci. Majalisa ce ta zauna ta ce wai mutane suna zaman banza a lokacin Sa, tsofaffi suna gyangyaɗi, matasa suna latsa waya, gara a cika wurin da abu mai amfani. Aka rataye ta a kan bishiyar nan. Daga bugu na biyu sai wa'azin da aka naɗa, sai waƙa a kan waƙa, sai sanarwar wanda zai kawo gwaza gidan Fasto. Gari yana zaune kamar da, ba mai motsi, amma ba mai jin abin da ke cikin ƙirjinsa. Muka ce mun ƙara wa Allah girma.

Fasto, ka gafarce ni, wa'azinka mai kyau ne, muna shan shi safe da yamma ranar Lahadi. Amma ko gwaza, in an sauke ta daga wuta, ana barinta ta huce kafin a kai baki. Yaushe maganar za ta zauna a cikinmu in ba a daina zuba wata a kai ba?

Pelenato ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga zauren majalisa, shi da ba shi da sarauta balle ginshiƙin jingina a ciki, ya durƙusa daga baya ya ce, "Ranku ya daɗe, Allah ba kurma ba ne. Mu ne ba ma ji. Ku bar mu mu saurara." Mai girma Seumalo, ina bakin zaure da tiren abinci, da kunnena na ji amsarka: "Wa ya ba ka baki a nan? Koma wajen wutar girki." Aka ci shi tarar alade, aka sauke tukunyar gas, aka ce lasifika za ta iya kiran Sa da kanta. Mu mata mun ƙi taɓa naman aladen nan, kun sani, a kan ganye ya kwana.

Pelenato ya miƙe ya fita. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Kullum da yamma sai ya kama hannun Sieni su gangara can ƙarshen bakin teku, bayan duwatsu, inda iska take kwashe ƙarar lasifika. Nan ne kaɗai shiru ya rage a garin nan. Da ƙafarsa ta kumbura, da sanda yake jan jiki zuwa wurin, har ranar da ya kasa. Yanzu Sieni ita kaɗai take zuwa.

Kuma nan, daidai nan, kuke so ku kafa ta biyun! Da sunansa a jiki! Wallahi ko maƙiyinsa ba zai yi masa haka ba. Kun ƙwace masa tukunya yana raye, yanzu kuna so ku sa sunansa ya kori matarsa daga wurin da take ganawa da ɗanta, kuma ita za ta ce ta gode. In tarar alade ce kuɗin wannan magana, ina da biyu a bayan gida, ku aiko samari.

Penina, 'yata, ubanki bai bar miki sarauta ba, amma duk wanda ke zaune a nan ya taɓa jira dominsa ko an jira shi. Ki riƙe wannan. Sieni, kada ki ji tsoron tabarmar nan. An nannaɗe ta aka kawo, ana iya nannaɗe ta a mayar.

Na gode wa duk wanda ya dafa, ya share, ya yi tafiya mai nisa. Na gode muku matai da kuka haƙura kuka ji ni har ƙarshe. Wannan ma saurare ne, kun ga ba ya kisa.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Pelenato hutun da muka hana shi. Ka riƙe Uelese a inda yake. Ka dafa wa Sieni da Penina. Ka rufe mana baki, ka buɗe mana kunne. Amin.

Rana ta kusa faɗuwa. Tulaga, tukunyar tana bayan ɗakin girkin coci, ɗauko ka rataye ta. Ni zan kashe lasifikar nan da hannuna. Sieni, na ga sandar ƙarfen a ƙarƙashin tabarmarki tun da kika zauna. Ba sai kin ce wa kowa komai ba. Tashi ki buga, kuma kada ki buga na ƙarshe sai kin gama.