Ranar Da Aka Nemi Ƙona Ni a Kaikai

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa. Ku ce amin!

Sunana Iliya, mai hoto a bakin tashar Kankia. Godiya na taso in yi, amma ba zan yi maku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba: har yanzu zuciyata da ɗaci.

Shanun noman da babana ya bar mani na sayar, na sayi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Kasuwa ta buɗe, kowane ango ni yake nema. Da na tambayi yadda ake samun izini, aka ce sai na yi rajistar kamfani, sai an tantance ni a Abuja, ta wajen masu kula da jiragen sama da ta jami'an tsaro. Ni da shagona bai fi akurkin kaji ba! Na fara bin hanyar, ƙarfina ya ƙare, na ci gaba da aiki haka nan.

Da damina wani Alhaji mazaunin Kano ya ce in ɗauko mashi hoton gonarsa ta Kaikai. Jirgi yana sama sai na ji ihu. Kafin in waiwaya 'yan sa-kai sun kewaye ni.

"Ga shi nan! Shi ke leƙa wa ɓarayin daji gari!"

Babbansu ya ce, "Ina takardarka?"

Ba ni da ita.

'Yan'uwa, na daku! Da gora suka karya mani hannun dama. Na ji wani yana cewa a zuƙo fetur daga mashin. Fuskata cikin laka na ce, "Yesu, ba ni da kowa a nan. In kana ji, yanzu ne."

Sai wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta dire ƙwaryarta, ta keta maza, ta yafa mani mayafinta, ta zauna a kaina.

Ta ce, "Ku fara da ni. Yaron nan kullum ina ganinsa a tasha, a ƙofar shagonsa nake shan inuwa. Ɓarawo yana da shago?"

Ba ta tashi ba sai da mai unguwa ya iso, ya miƙa ni ga hukuma a Kusada. Suka duba hotunan, gero ne da dawa. Aka sake ni, aka riƙe jirgin, tunda ba izini.

Yau wani kamfani daga Kano, mai takardu, shi ke ɗaukar bukukuwan Kankia. Har auren ƙanwar matata su aka kira. Na tsaya cikin 'yan kallo ina ɗaga kai ga jirginsu kamar kowa. Wanda ya karya ni kuwa, ranar kasuwa ta gabana yake wucewa, ko sannu.

Fasto ya ce, "Iliya, ka gafarta." Na ce, "Baba, ina ƙoƙari. Ku taya ni da addu'a."

Amma ina da rai! Na kira Yesu, ya aiko mani Musulma, wadda ko sunana ba ta sani ba. Na gode mashi. Duk wanda yake cikin matsi, ya kira shi, kada ya zaɓar mashi ɗan aike.

Ku dubi hannun nan. Ba ya dunƙulewa, ba ya riƙe kyamara. Amma yana ɗaguwa sama. Haleluya!