Yau Ne Na Uku

A layin tikitin wasan dandali mai waƙe-waƙe a Gusau, inda mutanenmu ke jure ranar da ba sa jurewa a layin zaɓe, wata dattijuwa ta dafa budurwar da ke gabanta.

"Ɗiyata, kin kalli wasan nan?"

"Sau biyu, Inna. Waƙoƙin har kuka suke sa ni."

"Ni na barkwanci nake so, ba na koke-koke ba. Wurin da Mannir ke sakin Wasila, da bakinsa yake faɗa?"

"Rerawa ma yake yi. Nan aka fi tafi."

"Shekaranjiya da jiya duka?"

"Duka."

"Innalillahi! Wasila ɗiyata ce, Mannir kuma mijinta ne na gaske. Yau na uku ke nan."

"Inna, wasa ne fa."

"Limaminmu na Tsafe ya ce ba a wasa da saki."

"Ai a ƙarshe yana mai da ita."

"Bayan na uku wa ke mai da wa?"

Budurwar ta ce, "To yaya za ki yi?"

"Kujerar gaba zan saya. Yana buɗe baki in hau dandalin."

"Mai tikiti," in ji budurwar, "ba ni ta kusa da ita."