Ƙuri'ar Baba Tana Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan zaure na masu ra'ayin sauyi, Injiniya Salmanu. Dattijonmu Dakta Luƙman, wanda ya riga yawancinmu shan ruwan Riyad. Malamanmu masu daraja. Likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka taso tun daga unguwannin Utaiƙa da Al-Ud. Iyayena mata da ƙannena da ke wancan ɓangare. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga waɗanda suka kama mana wannan istiraha, wato gidan taron nan, a unguwar Badi'a, da waɗanda suka tsaya a kan tukwane tun hantsi. Ina kuma tuna mana cewa zaman zumunci muke yi, ba gangami ba. Mu baƙi ne a ƙasar nan, mun san dokarta, muna girmama ta. Maganar gidanmu za mu yi, a tsakaninmu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sailuba Jibrin, ungozoma ce ni. Jam'iyyar da akasarinmu ke yi wa kallon jam'iyyar talaka za ta fid da gwaninta na takarar shugaban ƙasar Nijeriya, mutum uku ne a gaba, kuma an ce in faɗi ra'ayina. To, mu fara da gaskiya: duk faɗin ɗakin nan babu mai ƙuri'a. Abin da muke da shi waya ce. Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai mu kira gida, kuma kun san yadda ake sauraron ɗan da ke Saudiyya. Ba don ya fi kowa hankali ba, sai don shi ke riƙe da gidan.

Nawa ya fi haka nauyi. Mahaifina, Malam Jibrin, daliget ne daga ƙaramar hukumarmu, yana cikin waɗanda za su shiga zauren zaɓen. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka ba ya kama sunana. Ya ce da ni, “Uwata, ke kika ga duniya. Wanda kika ce, shi zan jefa wa.” Tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Ɗan takara na farko, tsohon gwamna, kun san shi, kun san shi ƙwarai. Da azumi ya yi umara ya biyo ta nan, ya zauna a kan wannan darduma, ya naɗe hannun riga ya ci shinkafar kabsa tare da mu, ya tambayi kowa sunan garinsu. Dakta Luƙman, Allah Ya ƙara girma, har yau hotonku da shi ne a fuskar wayarka, kowa ya kira ka sai ya gaisa da tsohon gwamna tukuna. Ban ga laifinka ba, ni ma na ji daɗin zuwansa. Amma mu lura da wani rauni namu na mazauna waje: kewa ta yi mana yawa, har duk wanda ya taka ƙafa ya zo inda muke, sai mu ba shi zuciyarmu kafin mu tambaye shi manufarsa. Ya yi mana alkawarin ƙuri'a daga ƙetare, ya yi mana alkawarin sabunta fasfo ba wahala, ya yi mana alkawarin jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda muke hawa a nan. Na bi bayanansa a kan lafiya da makaranta, abin da na tarar shi ne “za a duba”. Duk alherin da ya lissafa mana, alheri ne na gyara mana zaman waje. Ban ji inda ya ce zai rage dalilin fitowar ba.

Na biyu matashi ne, bakinsa da zaƙi, 'ya'yanmu na tura mana maganganunsa safe da yamma. Ina son abin da ya faɗa game da karatu kyauta, ina so da gaske, ko da yake bai faɗi inda zai samo malaman ba. Sai dai ya ce maganin tsadar abinci shi ne a garƙame iyakar arewa. Ɗan'uwanmu Mamane, mutumin Maraɗi da ke tuƙa motar asibitinmu, ya ce da ni, “Hajiya, ni ba ni da ta cewa a zaɓenku. Amma ƙanwata a Jibiya take aure, tsohuwarmu kuma a Katsina take ganin likita. In an rufe, wa aka rufe wa?” Ni kam ban ga yadda mai kishin talaka zai tsallake wannan tambaya ba.

Yanzu na zo inda za ku ji haushina.

Na ukun bai zo ba, bai aiko da gaisuwa ba, fuskarsa ma kamar an hana shi dariya tun yana yaro. Tsarinsa na noma ban gamsu da shi ba, maganarsa a kan tsaro kuma ta yi mini gajarta. Amma ya ce kowace mazaɓa sai ta sami ungozoma mai kwana a garin, gwamnatin tarayya ta biya ta, ta ba ta ɗaki. Da aka tambaye shi ina zai samo su, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce duk ma'aikacin lafiya da gwamnati ta horar, ya ɗauki hutu ba albashi ya tafi ƙetare yana riƙe da gurbinsa, ko ya dawo ko ya saki gurbin. Na ji gunagunin da ya tashi, kuma na san dalilinsa. Da mu yake. Da ni yake, domin a kan irin wannan hutu nake zaune a Riyad, ƙafa ɗaya a nan, ƙafa ɗaya a gida.

Jama'a, a ƙauyenmu akwai ɗakin haihuwa. An yi masa fenti, an kafa allo, an sa kwaɗo. Da daminar bara naƙuda ta kama Fatsuma, matar ƙanena, aka ɗora ta a babur za a kai ta cikin gari, rafi ya cika. A bakin rafin ta haihu, yaron bai zo da rai ba. A wannan yinin ina nan cikin ɗaki mai sanyi, ina karɓar haihuwar wata baiwar Allah, ina ce mata mabruk, wato barka. Ban ce laifina ne ba, ban ce laifinku ne ba. Neman halal ya fito da mu, albashin gida kuma bai riƙe kowa ba. Amma abin yana ci mini rai, kuma Fatsuma tana da wani cikin yanzu.

Kada ku zaci abin ya zo mini da sauƙi. 'Yata Marwa a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta, in na ce mata “gida” sai ta nuna benenmu. Mudira, shugabar sashenmu, ta miƙo mini takardar sabunta kwantiragi, iƙamata, takardar izinin zamana a nan, na jiran sa hannun. Kuma na sani sarai mutumin nan zai iya faɗuwa, zai iya ci ya manta, 'yan siyasa ba yau suka fara ba. Ba na ba ku tabbaci a kansa. Ina dai cewa, a cikin ukun, shi kaɗai ne manufarsa ta taɓa aljihuna ta kuma taɓa kwaɗon nan, kuma shekara da shekaru muna zama a zaure irin wannan muna cewa sauyi muke so. Ashe sauyin da muke nufi shi ne wanda wani zai biya kuɗinsa?

Ba na roƙon kowa ya bi ni. Wanda ya auna ya ga na farko ne, ko na biyu, Allah Ya sa alheri ne. Roƙona ɗaya: gobe, kafin ka danna lambar gida, ka tambayi kanka ko zaɓin nan don jin daɗinka ne a Riyad, ko don wanda zai ɗaga wayar. Shi zai kwana da sakamakon, kai kana nan wuta ba ta ɗaukewa.

Ni dai gobe bayan Juma'a zan kira Baba, zan faɗa masa na ukun. Takardar mudira kuma na mayar mata jiya ba sa hannu, domin ba zan sa tsoho ya jefa ƙuri'ar da ni kaina ba zan iya ɗaukar nauyinta ba. Ko mutumin ya ci ko ya faɗi, watan Fatsuma zai kama, kuma wannan karon a hannuna za ta haihu, in Allah Ya yarda.

Allah Ya zaɓa wa ƙasarmu wanda zai ji tausayinta. Allah Ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, Ya saka wa ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu da alheri. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, na birni da na bayan rafi. Allah Ya sa in mun koma gida a gane mu, mu ma mu gane gidan.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe, har da waɗanda na ɓata wa rai. Na gode.