Injin Ruwa a Cikin Gilashi

A ɗakin jira na asibitin ido, wata uwa ta leƙa kwamfutar hannun saurayin da ke gefenta.

"Ɗan nan, wannan ba injin ruwan gidan kimiyyar yara ba ne? Wanda ake murzawa da hannu?"

"Shi ne, Mama. Aikina ke nan, ina mayar da kayan gidan cikin manhaja. Yaro zai ja yatsa a gilashi, ruwa ya zuba."

"To na gasken fa?"

"Kwashe su za a yi, a rufe ɗakin."

"Wayyo! 'Yata ba ta gani. Can kaɗai ake barinta ta taɓa komai. Ta murza, ta ji sanyin ruwa a hannunta, ta yi ta dariya. A gilashinka me za ta taɓa?"

"Akwai murya, za ta yi mata bayani."

"Rufe idonka ka nemo mini injin."

Ya kifa kwamfutar a cinyarsa.

"Ba sai na rufe ba, Mama. Na hagun ya riga ya tafi. Yau za a gaya mini batun na daman."

"Subhanallahi! Iyayenka sun sani?"

"Ban gaya wa kowa ba." Ya yi ƙasa da murya. "Ita 'yar taki, lokaci ɗaya abin ya zo mata, ko a hankali?"

Nas ta leƙo ta kira na gaba. Shi ne, amma bai motsa ba.

"Tashi," in ji ta. "Mu je in raka ka."