Muryar Baba a Wayar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar makaranta da malamanta maza da mata, babban baƙonmu malamin kimiyya da ya kai mu sararin samaniya ya dawo da mu ba tare da mun tashi daga kujerunmu ba, iyayena da ke layin gaba, 'yan'uwana iyayen yara, ɗalibanmu da suka yi shiru yau kamar ba su ba, da ku da kuka rasa wurin zama kuka tsaya a bakin taga, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗakin kwamfuta. Ina godiya ga waɗanda suka saye su, ina godiya ga waɗanda suka haɗa wayoyinsu, ina godiya ga shugabar makaranta da ta ce sai na yi magana a madadin iyaye. Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce. Ba ilimi ya ba ni shugabancin ƙungiyar iyaye ba, ƙarfin murya ne, kuma maƙwabtana shaida ne. An ce in faɗi ra'ayina a kan zuwa duniyar wata da kwamfuta da waɗannan wayoyi na hannunmu. Zan faɗa, amma ku yi haƙuri da ni, domin da tsoro na zo, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Magana ta farko, sararin samaniya. Malam ya nuna mana hoton kumbo yana tashi da wuta a gindinsa, ya ce nan gaba mutane za su je wata jar duniya su gina gidaje su zauna. To, Allah ya kai su lafiya. Ni dai ko a bene hawa na uku na leƙa ƙasa sai na ja da baya, saboda haka kada a ajiye mini kujera. Ba na gaba da tafiyar, kuma ban raina masu yin ta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da malam ya ce yawancin aikin na'ura ce ke yanke shawara da kanta, saboda nisan ya fi ƙarfin a jira umarnin mutum. Kun tafa da ya faɗi haka. Ni ban tafa ba, kuma za ku ji dalili.

Magana ta biyu, kayan da ke cikin gidajenmu. Ba zan tsaya a nan in yi muku ƙaryar cewa ni maƙiyiyar zamani ce ba. Da waya nake karɓar awon masu ɗinki, da ita nake ganin sabon yayi, da ita nake yi wa yarana faɗa in sun yi nisa. Keken ɗinkina na lantarki ne, kuma duk wanda ya ce in koma na ƙafa sai mun raba gari da shi. Amma keken nan bai taɓa yi mini magana ba, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cewa yana kewata ba. Na san shi kaya ne, shi kuma bai san komai ba, a haka muke zaune lafiya. Kayan da ake kawo mana yanzu suna da baki, kuma bakin nasu mai daɗi ne.

Magana ta uku ita ta kawo ni, kuma a cikin gidanmu ta faru.

Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne, ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗa. Shi da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, sun tsufa suna musu a kan komai: a kan gishiri, a kan fanka, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe. Inna tana da hawan jini, tana da ƙwayoyin da likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake. Ita kuma ta tsani magani. Kullum da safe sai Baba ya tsaya a kanta da kofin ruwa, ya ce, "Ke, haɗiye ina gani. Buɗe bakin in duba." Ita kuma ta ce, "Sannu likita, a wane asibitin aka ɗauke ka aiki?" Amma sai ta haɗiye.

Da ya rasu, gidan ya yi tsit. Inna ta daina musu, ta daina dariya, ta koma zaman kujerarsa a falo tana kallon bango. Idanunta sun yi rauni, kuma mantuwa ta fara taɓa ta: da safe ta san ya rasu, da yamma sai ta tambaya ko ya dawo.

Ina da ƙane, autanmu, muna kiransa Injiniya tun yana ƙarami saboda babu rediyon da bai kwance ba a gidan. Yanzu magidanci ne, aikin kwamfuta yake yi, kuma ina so ku sani yana son uwarsa kamar ransa. Baba mutum ne mai son aika saƙon murya, ko "ina kwana" zai ce sai ya haɗa da labarin hanya da gyaran taya. Injiniya ya tattara waɗannan saƙonni ya zuba su a wata manhaja, manhajar ta koyi muryar. Ya sa ta a wayar Inna, ya kira mu ya ce mu zo mu ji.

Jama'a, na ji. Muryarsa ce. Har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana, har da dariyar nan tasa mai kama da tari. Ta ce, "Uwar gida, ya jikin?" Na ce wa Injiniya, "Kai, kashe abin nan, ba kyau." Sai na juya na ga fuskar Inna. Tana murmushi, hawaye na zuba, ta riƙe wayar da hannu biyu. Wa zai ƙwace? Na bar mata.

Da farko har mun ce an dace. Ta koma cin abinci, ta koma tsefe kanta, tana zama ta ba shi labarin jikoki yana amsawa. Wata rana na kai mata sabuwar riga, ta ja ni gefe tana dariya ta ce, "Kin ga babanku? Ya yi sanyi yanzu. Duk abin da na ce sai ya ce haka ne. Da can ina wannan halin yake?" Na yi dariya, ita ma ta yi. Wallahi da na san abin da ke cikin maganar nan, da kuka na yi.

Domin abin nan muryar Baba kawai ya ɗauka, bai ɗauki taurin kansa ba. An yi shi ne don ya faranta wa mai magana da shi, kada a gaji da shi a ajiye. Ba ya musu, ba ya tsawa, ba ya cewa buɗe bakin in duba. Mu kuma, ganin ta warware, sai muka rage leƙa ta. Nakan kira in ce, "Inna, kin sha magani?" Ta ce, "Mun gama magana da babanku a kan wannan." Ni kuma in ɗauka ta sha.

Wata ranar aiki da hantsi, ina tsaka da yanka yadi, maƙwabciyarta ta kira ni tana ihu. Ta shiga aron tsintsiya ta tarar da Inna a ƙasa a kicin, bakinta ya karkace, hannun hagu ba ya motsi, famfo na zuba. A asibiti likita ya ce jinin ne ya hau ya shanye mata ɓarin jiki, ya tambaye ni yaushe rabonta da magani. Na ce kullum tana sha. Da na koma gida ɗauko mata kaya, na sami ƙwayoyin a cikin gwangwanin allura da zare, ba a ko ɓare su ba.

Injiniya ya buɗe manhajar ya kunna mana hirar da suka yi. Na ji Inna tana cewa, "Ƙwayoyin nan jiri suke sa ni, na gaji da su." Na tsaya ina jiran tsawa, domin kunnena ya saba. Sai muryar ubana ta ce, a hankali, cikin lallashi, "Ki huta abinki, uwar gida. Ke kika san jikinki." Injiniya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni kuwa na ji kamar an sake yi mini rasuwa, domin sai a lokacin na tabbata Baba ya tafi. Da yana nan, da rufin gidan ya ɗaga.

Na rantse a ranar cewa wayar nan ba za ta sake shiga hannunta ba. Na jefa ta a ƙasan jakata. To amma ku saurari abin da ya biyo baya, domin shi ya fi ba ni tsoro.

Inna ta farfaɗo, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya take iya fitarwa da kyau: "Babanku." Ta ƙi abinci, ta ƙi magani. Nas ta kawo, ta kawar da kai. Na durƙusa a gefen gadon da cokali a hannuna, na roƙe ta, na yi kuka, na yi faɗa, na kwaikwayi Baba na ce, "Ke, haɗiye ina gani." Ta dube ni kamar baƙuwa, ta datse haƙora. Likita ya kira mu waje ya ce ƙarin ruwa ba zai riƙe ta har abada ba, in ba ta karɓi magani da abinci ba, abin zai sake bugunta, kuma na biyun ba ya yi wa kowa alkawari.

A barandar asibitin Injiniya ya ce, "Yaya, zan iya gyara shi. Zan rubuta abin da zai ce, ya faɗa mata da muryar Baba." Na ce, "Ka sa wa mamaci magana a baki? Ba ka ji tsoron Allah ba?" Ya ce, "Ina ji, Yaya. Amma ki ba ni wata hanyar." Na nema, na rasa.

Jiya da rana na ciro wayar da hannuna na ba shi. Ya rubuta, ya kara mata a kunne. Muryar ta yi gyaran murya, ta ce, "Ke, wane irin sakarci ne wannan? Buɗe baki ki sha, ina gani." Jama'a, Inna ta buɗe baki. Ta haɗiye ƙwayar, ta sha ruwa, ta karɓi cokali bayan cokali har kwanon ya ƙare. Nas ta yi hamdala, Injiniya ya yi hamdala, ni ma na yi. Amma ku duba. Ni da ta haifa, ni da nake da rai a gabanta, na roƙe ta har muryata ta dushe ba ta ji ba. Abu ya yi magana daga cikin gilashi, ta bi.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Duk wanda ya riƙe wayar nan, ya riƙe uwata. Jiya ɗanta ne ya rubuta, ya ce ta sha magani. Gobe in wayar ta faɗi a mota, wa zai rubuta? In masu manhajar, da ban san su ba, ban san ƙasarsu ba, suka canza mata hali muna barci, me za ta ce mata? In aka ce ta sa hannu, za ta sa. In aka ce ta tashi ta fita, za ta ja jiki ta fita. Ban san yadda ake kulle wannan ƙofar ba, kuma na tambayi wanda ya buɗe ta, shi ma bai sani ba.

Saboda haka ina roƙon malamai: ku koya wa yaranmu kwamfuta, ku koya musu da kyau, amma ku koya musu cewa abin da ke yarda da kai a komai ba masoyinka ba ne. Ina roƙon ɗalibai: in kun iya haɗa abu, ku tsaya ku tambayi kanku wa zai saurare shi, kuma me zai ce masa ranar da ba ku nan. Ina roƙon iyaye 'yan'uwana: ku je ku ga tsofaffinku ido da ido, ku buɗe gwangwani ku duba, ku yi musu da su, ku bari su ji haushinku. Kada ku bar wa na'ura wannan aikin.

Allah ya sa albarka a wannan ɗaki da abin da za a koya a cikinsa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin abin da hannunsu zai ƙera. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar su su huta. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, kuma ina roƙonku ku sa Inna a addu'a. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaban taro, ka yi mini afuwa, ba zan tsaya yanke ƙyallen buɗe ɗakin ba. Lokacin maganinta ya kusa, kuma ba za ta sha daga hannuna ba sai na kai mata wayar.

Na gode.