Wa Ya Ɗura Bindigar Yeri?

Mama Bang: Alo? Alo, Yeri? 'Yata, ke ce?

Yeri: Ni ce. Wa ke magana? Ban san lambar ba.

Mama Bang: Yau kuma ni ce ba a sani ba? Matar Sajan Seok ce. Wayar maƙwabciyata na ara.

Yeri: Kai, Mama! Yi haƙuri. Ina wuni?

Mama Bang: Lafiya lau. Kin ci abinci?

Yeri: Na ɗan taɓa.

Mama Bang: Ƙarya kike, daga muryarki na ji. Ya mahaifiyarki? Ya gwiwar tata?

Yeri: Da sauƙi. Ya su ɗanki Min-gyu? Ya jaririyar?

Mama Bang: Tana nan sai tsotso. Kin ga sanyi ya shigo da wuri bana. Kabeji sittin na jiƙa a gishiri, bayana kamar zai ɓalle. Na ware miki naki kimchin, tsimammen kabejin nan mai ɗan sauƙin yaji, yadda kike so.

Yeri: Na gode, Mama. Amma...

Mama Bang: Ina kike ne? Muryarki na amsawa kamar kina cikin rijiya.

Yeri: A matakalar hedikwata nake, hawa na shida. Ƙarfe biyu zan shiga gaban kwamitin binciken cikin gida. Saura minti goma sha biyu.

Mama Bang: Na sani.

Yeri: Kin sani?

Mama Bang: Shi ya sa na kira.

Yeri: Mama, bai kamata mu yi waya ba. Sun sa ni na sa hannu, ba ni ba kowa daga ofishinmu sai an gama.

Mama Bang: To ni 'yar sanda ce? Ni mai jiƙa kabeji ce. Ya jikin tsohon nan mai busasshen kifi?

Yeri: Jiya aka sake yi masa aiki a kafaɗa. Likita ya ce da wuya hannun ya ƙara ɗaguwa.

Mama Bang: Wayyo. Har coci na je na yi masa addu'a. Amma ai ba shi kika harba ba. Kowa a kasuwa ya gani, mashayin nan ne ya ɗauko wuƙar yankan kifi ya yi kan mata, ke kuma sama kika ɗaga bindiga.

Yeri: Sama na harba, don in tsorata shi. Harsashin farko mai ƙara ne kawai, haka ƙa'ida take, sai na bayansa ne na gaske. Ni ina jiran ƙara, sai na gaske ya fita, ya daki ƙarfen rufin kasuwa, ya dawo kan bawan Allah yana zaune a rumfarsa.

Mama Bang: To ai tsautsayi ne.

Yeri: Su ba su san tsautsayi ba. Tambaya ɗaya ce a gabansu: wa ya ɗura bindigar a safiyar? Wa ya rufe ta a karkace har na gaske ya zo gaba?

Mama Bang: Alo? Ban ji ba, ta yanke.

Yeri: Na ce wa ya ɗura... Mama, kin ji ni sarai.

Mama Bang: Na ji. Wa ya sa hannu a littafin ɗakin makamai?

Yeri: Ni.

Mama Bang: Shi ke nan ai. Takarda ta riga ta yi magana, ke dai kada ki ƙaryata ta.

Yeri: Sajan ne ya aiko ki?

Mama Bang: Baban Min-gyu? Da ya san na kira ki, da ya ɗaga rufin gidan nan. Yau da sassafe ya ce dutse zai hau ya sha iska, ya fita. Yeri, ke kin san halinsa. Shekara talatin da uku, duk sabon yaron da aka haɗa shi da shi, shi ke ɗura masa bindiga har ya cika shekara. Haka nasa maigidan ya yi masa. Ba mugunta ba ce, gata ne.

Yeri: Na sani. A safiyar ma na miƙa hannu zan karɓi bindigata, ya ce, “Bari, 'yar autan ofis, je ki ɗauko hularki.” Ta yaya ƙarami zai ce wa babba a'a?

Mama Bang: Yauwa! To yanzu ma...

Yeri: Mama, tsaya. Me ya sami idonsa?

Mama Bang: Idon wa?

Yeri: Wata uku ke nan ni nake karanta masa lambar mota. Ya ce yana gwada ni ne. Ranar nan na hango shi yana shafa bindigar da yatsa, ba ya kallonta.

Mama Bang: Rage murya, don Allah.

Yeri: Ni kaɗai ce a nan.

Mama Bang: Tun bara ne. Na kusa da na nesa duk dishi-dishi yake gani. An yanka masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yana cikin aljihun tebur, bai taɓa fita da shi ba. Ya ce in suka gani za su karɓe bindigarsa su ajiye shi a tebur, yara na yi masa dariya. Wata biyu ya rage ya ajiye aiki, Yeri. Wata biyu! An riga an rubuta sunansa cikin masu karɓar lambar yabo. Min-gyu ya kama ɗakin walima.

Yeri: Ni kuma wata goma na yi.

Mama Bang: Shi ya sa! Ke sabuwa ce. Za su ce kuskuren ƙuruciya, su ja miki kunne, su tura ki wani tsibiri shekara biyu ki dawo. Shi fa? Babba ya taɓa bindigar da ba tasa ba, ya ɓoye ciwon ido? Korar kare za su yi masa.

Yeri: Wa ya ce miki jan kunne ne? An ji wa mutum ciwo. Lauyar ƙungiya ta ce in na amsa ni ce, takarduna za su wuce wurin mai gabatar da ƙara. Shekara huɗu ina zaman jarrabawar shiga aikin nan, mahaifiyata tana wanke kwanukan gidan abinci.

Mama Bang: Kyamarar ɗakin fa?

Yeri: Bayansa kawai ta ɗauka. Ya tare teburin.

Mama Bang: Kin gani? Babu mai shaida sai ke.

Yeri: Haka shugaban ofis ya ce mini shekaranjiya. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Mu nan gida ɗaya ne.” Tun daga nan kowa kallona yake. In na ambaci Sajan, babu mai sake zama da ni a teburin abinci har in tsufa. In na yi shiru, na tashi a tutar babu. Gaba kura, baya sayaki.

Mama Bang: Wa ya kwana uku a asibiti ranar da aka yi wa mahaifiyarki aiki?

Yeri: Mama, kada ki...

Mama Bang: Wa ya tsaya miki ranar da kika buga motar sintiri da bango?

Yeri: Shi ne.

Mama Bang: Ban taɓa roƙon kowa ba. Ga ni a durƙushe a kan simintin nan, hannuna duk gishiri. Da kina ganina...

Yeri: Tashi, don Allah. Daina kukan.

Mama Bang: Sai kin ce wani abu.

Yeri: To.

Mama Bang: To me?

Yeri: Zan ce ni na ɗura.

Mama Bang: Allah ya yi miki albarka, 'yata! Har in mutu ba zan... Alo? Yeri? Kina nan?

Yeri: An buɗe ƙofar ɗakin kwamitin. Ina hangowa ta gilashi. Mama, wane dutse kika ce Sajan ya je hawa?

Mama Bang: Na bayan gari, inda ya saba. Me ya faru?

Yeri: Ga shi nan ya fito daga ɗakin.

Mama Bang: Wa? Ba shi ba ne. Sai jibi aka ce ya zo.

Yeri: Shi ne. Da kakinsa na biki, har da farar safar hannu.

Mama Bang: Kakin yana cikin... tsaya. Tsaya, kada ki kashe. Wayyo ni! Babu shi, sai maratayi. Aljihun tebur ma a buɗe.

Yeri: Yana sanye da tabaran.

Mama Bang: A gaban mutane?

Yeri: A gaban kowa. Babu bajo a ƙirjinsa, yana hannun mai binciken. Ya gan ni. Mama, yana tahowa... ya tsaya. Ya cire hula. Ya sunkuya mini.

Mama Bang: Ya sunkuya wa wa?

Yeri: Ni. Har ƙasa. Bai ɗago ba har yanzu.

Mama Bang: Ya je ya tona kansa ke nan! Tsohon banza mai taurin kai! Ko karin kumallo bai yi ba. Ba shi wayar! Yeri, ba shi wayar!

Yeri: Ba zai yiwu ba, an kira sunana. Na'am, ranka ya daɗe, ga ni nan. Mama... mai binciken yana tambaya da wa nake waya.

Mama Bang: Me kika ce masa?

Yeri: Ban ce komai ba tukuna. In ce mahaifiyata ce?

Mama Bang: A'a. Ki faɗa masa. Bang Sun-ye, matar Seok Dal-ho. Ki faɗa masa abin da na roƙe ki ma, kada ki rage ko...

Yeri: Ya miƙo hannu, Mama. Zai karɓi wa—