Hoton Zuciyar Nababa

Nababa: Salamu alaikum. Inna, ina wuni?

Inna: Wa alaikumus salam. Nababa? Lafiya lau. Ya kasuwa?

Nababa: Alhamdulillahi. Ya mutan gida? Ya ƙafar taki?

Inna: Da sauƙi. An sayar da waken?

Nababa: E to, ana kan ciniki.

Inna: A Dawanau kake?

Nababa: E.

Inna: Dawanau ɗin da na sani? Ba kukan tirela, ba ihun 'yan dako? Mene ne ke yin ƙit-ƙit kusa da kai?

Nababa: Sabis ne ba kyau, Inna...

Inna: Kai, ni na haife ka fa! Buhunanka na nan jingine a zaure. Kana ina?

Nababa: Asibiti. Ciwon ƙirjin nan ne. Hoto kawai za su ɗauka.

Inna: Hoton da aka yi maka da azumi fa?

Nababa: Wancan daga waje ne. Wannan siririn bututu za su zura ta jijiyar hannu har zuciya, da 'yar na'ura a bakinsa, ta hasko cikin jijiyar.

Inna: Ta ina? Ban ji ba!

Nababa: Ta hannu! Su ga inda kitse ya toshe, su buɗe shi.

Inna: Innalillahi! Yanka ka za su yi, kake ce min hoto.

Nababa: Wallahi ba yanka. Ko barci ba za su sa ni ba, idona biyu.

Inna: Haka aka ce wa babanku, ɗan gwaji ne. A mota aka dawo min da shi nan garin Kunci, a rufe. In abin ƙarami ne, me ya sa ka yi min ƙarya?

Nababa: Tsoro nake ji, Inna. Ki yafe min.

Inna: Au! Ashe sallama ka kira ka yi min? To ban yafe ba! Ka fito da ƙafarka, ka zo gabana ka nema.

Nababa: Don Allah, Inna, ga ma'aikatan asibitin nan sun zo. Za su karɓi wa...

Inna: Ka ce su dakata! Nababa? Nababa! Na yafe! Na yafe maka duniya da lahira! Wayyo Allah. Ke Furera, matar nan tasa, zo duba min wayar nan. Ya ji ni kuwa?